Wanda Ozella Ta Haifa wa Sanata

"Ƙarya ce!" Wendell Hatchett ya daka tsawa daga matakalar kotun garinmu a Mississippi. "Shekara talatin mahaifina yana Sanata a majalisa yana hana farare cuɗanya da baƙaƙe. Don ya mutu za a ce ya haihu da baƙar mace?"

Turawa suka ɗau tafi. Mu baƙaƙe muna can baya, inda aka saba barinmu.

Sai Ozella, baƙar tsohuwar da ta ƙare ƙuruciyarta tana girki a gidan su Wendell, ta ratsa taron tana dogara sanda.

"Ni na faɗa wa 'yan jarida," in ji ta. "Kuma ni na haifi ɗan."

"A kore ta!" wani ya yi ihu.

"Ƙyale ta," Wendell ya ce yana dariya. "To Ozella, ina shegen? Fito da shi mu gani!"

Ta dube shi ido cikin ido.

"Matar Sanata ba ta taɓa haihuwa ba, Wendell. Kwananka uku a duniya suka ƙwace ka daga hannuna, saboda ka fito fari. Sauko daga nan. Kada ka ƙara zagin kanka a gabana."