Bencin Masu Awon Ciki

"Baiwar Allah, masu awo can suke zama," in ji nas, tana kallon cikinta.

Matar ta buɗe baki za ta gyara mata, sai ta fasa. Ba juna biyu ba ne. Tun aikin da aka cire mata mahaifa, ba ta ko taɓa haihuwa ba, ɗinkin ya saki ta ciki, hanji ya turo fata. Yau likita zai sa ranar gyara.

Ta zauna cikinsu, ta miƙe, ta sake zama.

"Ya fara motsi?" ta kusa da ita ta tambaya.

Ta yi tari. Kumburin ya harbi tafin hannunta.

"Ya fara," ta ce.

Can ƙofar likita ana ta kiran sunanta. Ta gyara zama.