Zane na Goma Sha Biyu

Auta ta ƙirga zanukan da aka sauke daga mota, ta goge ido, ta sake ƙirgawa. Goma sha biyu cif. Ita kuwa goma sha ɗaya ta gama.

Madam mai gidan nunin zane ta gindaya sharaɗi tun farko: zane goma sha biyu, in ɗaya ya gaza, ɗakin nunin ya zama na wani. Auta ta manna wa allon ƙarshe tef ke nan a ɗakin baya na gidansu, zazzaɓi ya kayar da ita kwana uku. Yau da niyyar durƙusa wa Madam ta fito. Ko shayin da Mama ta miƙo mata, da farce shuɗi kamar na bular wanki, ba ta iya sha ba.

Sai ga allon a cike. Murabba'i rawaya, dogon zirin ja kamar lungun gida, da wani ɗan shuɗi a kusurwa mai sa mutum ya ji iska. Bayansa babu kibiyar da masu irin wannan zane suke yi don a san sama da ƙasa. Auta ta jujjuya shi, ta rataye yadda ya yi mata.

Aikin Dogo ne, abokin karatunta da ya loda kayan. Wa kuma zai iya?

"Dogo, Allah ya biya ka!"

"Amin," in ji shi, baki cike da biskit, yana kallonta kamar zazzaɓin bai sake ta ba.

Kafin la'asar ɗakin ya cika maƙil, kowa gaban na goma sha biyu yake cunkuso. Wani malamin jami'a ya zame tabarau zuwa kan hanci. "Wannan, mmm, hira ce tsakanin bango da rai." Madam tana zagayawa, ƙwas ƙwas ƙwas: "Ni na gano yarinyar nan, ni!" Auta sai washe baki take, har kumatunta suka fara ciwo.

Sai ga Mama, hannuwa cikin mayafi. Mamar da kullum take cewa, "Shekara huɗu a makaranta, ki dawo kina zana akwatuna? Ai ko ni sai in yi." Ta wuce goma sha ɗayan nan kamar tana wuce shagon da ba ta sayayya, ta ja birki gaban na ƙarshe, ta karkata kai.

"Auta, wa ya rataye wannan?"

"Ni ce, Mama."

"To a kife yake."

Ɗakin ya yi tsit. Madam ta saki wata 'yar dariya ta cikin hanci. "Ayya, Mama, irin wannan zane sai an karanta ake gane shi." Malamin ya gyaɗa kai cikin tausayi. Auta ta matso, ta ja gefen mayafin. "Mama, don girman Allah, ba yau ba. Za ki sa a kore ni."

Mama ta fizge mayafinta, ta nuna kusurwar da yatsa, farcen da ɗan shuɗin nan na zanen kala ɗaya sak.

"Ku juya min shi. Tagar kicin ɗina ce wannan, kwana uku ina haɗa kalarta kina kwance kina rawar ɗari, ba zan tsaya ina kallonta a ƙasa ba."