Sugan da Aka Hana Damaris

Ana tsakiyar waƙa Damaris ta yanke jiki ta faɗi. Tulun kiɗan da take bugawa ya mirgina gefe, matan zumunta na majami'arsu a Kagoro suka yo kanta a guje.

Gumi ya jiƙa ta sharkaf, hannuwanta sai rawa suke. Da ƙyar ta buɗe baki. "Suga," ta ce. "Ku ba ni suga."

Wata mata ta zaro alewa daga jaka, Serah shugabar zumunta ta buge hannunta. "Kina da hankali kuwa? Ciwon suga fa take da shi! Mama Kevin, so kike ki mutu a hannunmu? Kuma azumi muke yi."

"Shaiɗan ne ke so ya karya mata azumi," in ji wata. "Mu yi addu'a!"

Suka kewaye ta, suka ɗaga murya. Damaris na kallon bakunansu suna motsi, tana ta roƙo, ba mai jin ta.

Tsohuwar malamar firamare ce. Tun da mijinta ya rasu take zaune ita kaɗai a gida mai ɗakuna da yawa. Kevin, ɗanta tilo, yana Abuja, sai a waya take jin muryarsa, shi ma a gurguje. Zumunta ce kawai inda ake kiran sunanta, ake matsa mata wuri a benci. Shi ya sa da aka sa azumin farkon shekara ba ta yarda a bar ta baya ba. Da safen nan ta yi allurar insulin yadda ta saba, ta rufe tukunyar gwate ba ta taɓa ba, ta fito. Babu kowa a gidan da zai ce mata, "Mama, ki ci wani abu."

Sai da idanunta suka juye, ta daina amsawa, sannan addu'a ta tsaya. Kafin a samo mota, kafin a kai asibiti a Kafanchan, rana ta yi nisa.

Nas Bernice ta soki yatsarta ta auna jini, ta ƙwala wa likita kira, aka ɗura mata ruwan suga ta jijiya. Bayan nan ta fito wurin matan. "Ba ta nemi komai ba kafin ta suma?"

"Suga ta nema, 'yata," in ji Serah. "Amma mun hana ta. Mun kula sosai."

Bernice ta ce, "Mama, ku zauna. Hantar mutum kamar rumbu take, nan jiki ke tara suga. A cikin ƙwayoyinta akwai 'yan sinadarai masu aiki da ake kira enzayim. Wasu zuba suga suke a rumbun, wasu fitar da shi suke idan mutum bai ci ba. Shi ya sa ku kuke azumi lafiya. Insulin kuwa in ya shiga jini, masu zubawa yake tayarwa, ya dakatar da masu fitarwa. Ita ta yi allura, ba ta ci ba. Ga suga a rumbu, ƙofa a kulle, ƙwaƙwalwa na jin yunwa. Alewa ɗaya da ta taimake ta."

Serah ta ɗora hannu a ka. "Yesu! Mu muka kashe ta?"

Damaris ba ta mutu ba, amma ba ta dawo yadda take ba. Harshenta ya yi nauyi, hannun dama ya ƙi ɗagawa. Matar da ta koya wa rabin unguwa karatu, yanzu sai ta daɗe tana laluben kalmar "ruwa". Kevin ya zo, ya yi kuka, ya koma bakin aiki. Matan zumunta kuma kunya ta sa suka daina zuwa. Ran Lahadi takan zauna a baranda tana jiyo waƙarsu daga nesa.

A nan take zaune wata rana da hantsi, wani baƙo ya tsayar da babur a ƙofar gida, bayansa ɗaure da kwali cike da kwalabe.

"Sannu, Mama!" ya ce yana murmushi. "An ce mini allurar asibiti ce ta nakasa ki. Ki jefar da ita yau. Wannan jiƙon nawa wanke suga yake tas."

Damaris ta waiga hagu, ta waiga dama. Babu wanda za ta tambaya. Baƙon ya jawo kujera ya zauna, shi ne na farko da ya yi haka tun da ta dawo gida.

Masu karatu, suga kan faɗi ƙasa kamar yadda yake hawa, kuma faɗuwar kan yi saurin ɓarna. Mai ciwon suga da ya kama gumi da rawar jiki, a ba shi abin zaƙi nan take in yana iya haɗiya; in ya suma, sai asibiti. Kada ya shiga azumi ko ya bar magani sai da shawarar likita, mu kuma kada mu bar tsofaffinmu su kaɗai da ciwon da ba mu damu mu fahimta ba.