Amanar Zomon Malam Dabo

Da la'asar ɗin ranar kasuwar Tsanyawa Malam Dabo ya yi sallama a zauren Kamaruddeen, rungume da kwando. Furera ya aika a kira masa, ƙanwar maigidan, wadda ta gama takaba a Bagwai ta dawo gidan yayanta wata biyu da suka wuce.

A cikin kwandon akwai farin zomo mai baƙin kunne ɗaya. Malam Dabo ya ce ɗansa da ke Bacirawa ya matsa masa ya je ya huta mako ɗaya, tunda aikin gona ya yi sauƙi, ga shi ya rasa wanda zai bar wa dabbar. Ya sunkuyar da kai ya ce na marigayiya matarsa Tahira ne. Shekara biyu ke nan su biyu suke taya juna zama.

Furera ba ta san Tahira ba, amma ta san nauyin abin da mamaci ya bari. Ita ma rediyon mijinta yana nan a ƙarƙashin gado, ba ta kunnawa, ba ta yarda a taɓa. Ta karɓi kwandon da hannu biyu.

Ta tambaye shi me zomon yake ci. Ya yi ɗan jim, ya ce komai ma, a dai kiyaye yaji. Ta tambayi sunansa. Ya ce Zomo suke ce masa. Sannan ya zaro waya ya nemi lambarta, don ya riƙa jin lafiyarsa.

Safara'u, matar Kamaruddeen, tana bayan ƙofa, tari ya sarƙe ta har da hawaye. Ta ce hayaƙin murhu ne.

Furera ta gyara wa zomon tsohon akurkin kaji a jikin katanga. Ta ga bai da girma ko kaɗan, ta ce a ranta kewar uwargijiyarsa ce ta tsotse shi, ta ƙara masa ganyen wake.

Sau uku a rana wayar take ƙara. Malam Dabo zai tambayi zomo, kafin ta gama amsawa ya wuce maganar ƙarar ababen hawan Bacirawa, da miyar surukarsa da ba a sa wa daddawa, da yadda shayi ba ya daɗi idan mutum shi kaɗai yake sha. Furera, wadda a da wayarta kan yi kwana uku a mace, ta zama ba ta bari cajinta ya sauka.

Rana ta huɗu da safe ta tarar da akurki wayam. Zomo ya haƙa rami ta ƙarƙashin katanga ya fita. Bayan katangar kuwa gero ne ya fi mutum tsayi, gonar wannan haɗe da ta wancan har ƙauyen gaba.

Ta shiga geron da ganyen wake a hannu tana kiran Zomo, Zomo, har masu ciyawa suka tsaya suna kallonta. Tana tsakiyar gonar wayar ta yi ƙara.

“Malama Furera, ya mutumin nawa?”

“Lafiya ƙalau, Malam. Yanzu ma ya fita shan iska.”

Ya yi ta sa mata albarka, ya ce tun rasuwar Tahira bai samu mai amana kamarta ba. Da ya kashe wayar ta zauna a kan kunya tana istigfari.

Kwana biyu ana nema. Wani maharbi ya kawo mata zomon daji, ja, kuma ya riga ya yanka shi. Kamaruddeen ya ce ta faɗa wa mutumin gaskiya kawai, dabba ce. Furera ta ce da wane bakin za ta gaya wa dattijo ta ɓatar masa da abu ɗaya da matarsa ta bari? Kuma, ko da yake ba ta faɗa wa kowa ba, idan ya ji, wayar za ta daina ƙara. Safara'u ta ce ta kwantar da hankalinta, ko kyanwa ta sa masa a kwandon ba zai gane ba, tarin nan ya sake taso mata.

Ranar kasuwa ta zagayo, washegari Malam Dabo zai dawo. Furera ta ɗauki mayafi ta hau mota zuwa Tsanyawa. A ƙarshen layin 'yan kaji ta samu Mudassir mai zomaye. Ba ta gama kwatance ba idonta ya faɗa kan keji: fari, mai baƙin kunne ɗaya, yana cin ganye hankali kwance.

Ta dafe kejin. Ta ce wannan zomon amana ne, na mamaciya ne, ya faɗa mata wanda ya kawo masa shi ko su tafi wurin sarkin kasuwa. Mutane suka fara taruwa. Mudassir ya rantse a gidansa aka haife shi, wata uku ke nan. Ta ce ƙarya ne, ai ba a yin irinsa biyu.

“Inna, biyu ne kuwa, uwarsu ɗaya,” in ji Mudassir. “Ɗan'uwansa kasuwar da ta wuce na sayar wa Malam Dabo da hantsi, har da kwando. Ya ce shi a rayuwarsa zomo bai taɓa kwana a gidansa ba, in zaɓa masa mai ban tausayi, akwai wata baiwar Allah da ya yi wata biyu yana neman dalilin karɓar lambarta.”