Haihuwa a Ɗakin Maƙwabciya

"Wai ni, maƙwabciya, mene ne ainihin Kirsimetin nan naku?" in ji mai kitso, tana tsaye a ƙofar shagon ɗinki.

Telar ba ta ɗaga ƙafa daga kan keke ba. "A wurinmu, ranar da Allah ya zo duniya a jariri ce, don ya ceci masu zunubi. Uwarsa na da tsohon ciki, suka nemi masauki aka ce ba wuri. Cikin dabbobi aka haifi Yesu."

"Mu Annabi muke ce masa, kin sani. Amma mai ciki guda a hana ta ɗaki? Kai, mutane!"

Keken ya tsaya. Jiya ƙanwar telar ta iso da jaka da ciki haihuwa ko yau ko gobe, mijinta ya kore ta. Telar ta ce mata ɗakin baƙin gidanta na dangin maigida ne masu zuwa biki, ta yi haƙuri.

Ta sunkuyar da kai tana gyara zaren da bai tsinke ba. "Me ya kawo tambayar?"

"Ƙanwarki na fara tambaya, ta ce kin fi ta iya bayani. Ta sauka ɗazu a ɗakina. Namiji ne."

Telar ta miƙe, ƙyalle ya zame ƙasa.

"Ta ci wani abu?"

"Ta ƙi ci. Yayarta take ta kira."