Lambar da Ta Bi Buhu Gida

Zauna mana, Alhaji Tanimu, ina za ka da sauri haka? Ka ce ka sayo na'urori, ka biya masu kwamfuta, kana so gobe-gobe kayanka su hau tsarin nan da ake kira bulokcen. Wallahi na yi murna, abin arziki ne, na ga aikinsa da idona. Amma saurara in ba ka misali kafin ka ta da mota.

Akwai wani ɗan kasuwa mai fitar da zoɓo ƙasashen waje. Wata shekara aka dawo masa da kwantena guda cur, wai an sami fumfuna a cikin kayan. Ya tambayi manoma, suka ce dillali ne. Dillali ya ce direba ne. Direba ya rantse har da hawaye cewa tamfol ɗinsa ba ya yoyo, amma dai shi aka fi zargi, saura ƙiris a sallame shi. Mai sayen kayan kuwa magana ɗaya ya aiko: kaka ɗaya ta rage, in ba a nuna masa inda kowane buhu ya fito da hannuwan da ya bi ba, to a raba gari. Cinikin shekara goma sha biyu ke nan, kuma ƙauyuka bakwai don shi suke noma zoɓon.

Ana nan sai ya ji labarin wannan tsari. Rajista ce guda, kowa yana da kwafinta a wayarsa. Kowane buhu da lambarsa, duk wanda buhun ya shiga hannunsa sai ya haska lambar da waya, nan take ta shiga, kuma ba mai iya gogewa a ɓoye, ko da shi mai kayan ne. Kai, mutumin nan har tsalle ya yi! Bai shawarci kowa ba, ya sa aka buga lambobi dubu biyar, ya aika ƙauyuka aka ɗinke su a jikin buhunan manoma. Abin da ya manta, alhali shi ma ɗan manomi ne, manomi zoɓo yake sayarwa, ba ya sayar da buhu. Yana juye kayansa gaban dillali zai kaɗe buhunsa, ya naɗe, ya ɗaure a bayan babur, sai gida. Bayan mako biyu ɗan kasuwa ya buɗe waya yana washe baki. Zoɓonsa yana kan hanyar Legas, waya ta dage yana ƙauye. Wani buhun an cika shi da dusa, wani an rufe akurkin kaji da shi, lambar tana nan fes.

To, a nan ne ya burge ni. Bai zagi na'ura ba, girman kansa ya sauke. Ya tara su duka a rumfar kasuwa, manoma da dillali, matan da ke tsince zoɓo, direba, da wani tsoho mai ɗinke bakin buhu. Tsohon ya gama saurare, ya soke basillarsa a hula, ya ce, "Alhaji, lambarka ba ta da laifi, masauki ne ba ka ba ta daidai ba. Buhun da ke tafiya ai ni nake rufe bakinsa." Shi ke nan, lamba ta koma hannun tsoho. Dillali ya yarda ya daina gauraya kayan ƙauyuka, matan suka riƙa tsince na kowa daban. Wanda ba shi da waya aka saya masa, wanda bai iya karatu ba aka sa wayar tana gaya masa da Hausa. Direba ya noƙe, ya ce tarko ne aka ɗana masa, sai ɗan kasuwa ya fara haska tasa lambar a gaban kowa, ya sa sitonsa cikin rajistar. Da ƙauye ɗaya suka gwada, kafin a gama kaka sauran shida suna rububin shiga.

Kaya suka isa, buhu ɗari takwas. Sai ga waya daga mai sayen kaya: an sami fumfuna a buhu tara. Kowa ya buɗe wayarsa inda yake, kuma ka san abin da suka gani? Buhunan nan tara ƙauyensu daban-daban, motarsu daban-daban, abu ɗaya ya haɗa su: kwana goma sha tara da suka yi a ƙaramin siton ɗan kasuwar. Aka je aka duba, ashe tankin ruwa ne ke tsiyaya ta bayan bango. Ɓarnar da ya yi shekara yana nema a gidan wasu, a nasa take kwance, ga shi ba damar gogewa! Ya je har gida ya ba direba haƙuri. Mai sayen kaya ya ware tara, ya karɓi sauran, ya ce baɗi a ninka masa. Ranar da labarin ya iso kasuwa, matan nan guɗa suka yi ta yi kamar ana biki.

Ka gani, Alhaji Tanimu? Na'urar da ya fara da ita, ita ce dai ya ƙare da ita, ko ƙusa ɗaya bai sauya a jikinta ba. Ka bar na'urorinka a kwali tukuna, ka je ka nemo mai basillar kasuwarku, ka zauna da shi da sauran. Hausawa suka ce, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.