Garin da Dabba Ba Ta Mutuwa

Tunda ka ce takardun yankinku fes suke, ba rahoton cuta ko ɗaya, zauna in ba ka wani misali.

An yi wani mai kiwon tumaki a bakin fadama. Wata shekara damina ta yi ƙarfi, ruwa ya kwanta har gindin danga, sauro ya samu wurin zama. Sai tumakinsa suka fara ɓari, yau ɗaya, gobe uku, ƙananan kuma in sun kwanta ba sa tashi. Akwai malamin dabbobi da aka ɗora wa sa ido kan wani zazzaɓi da sauro ke yaɗawa cikin garke, wanda yakan kama mutum in ya taɓa jinin dabbar ko abin da ta ɓarar. Duk Laraba yakan zo a kan babur da takarda mai tambaya guda: dabba nawa ta mutu? Shi kuwa mai tumaki yana da raguna goma sha biyu da ya yi wata bakwai yana turke da su saboda Babbar Sallah, kuma ya ji cewa duk inda aka samu cutar, kasuwar dabbobi ake rufewa. To, ka san mu ba ma barin dabba ta mutu. Da ta fara shure-shure sai a jawo wuƙa a yi bisimilla, kada ta zama mushe. Saboda haka in malam ya tambaya, sai ya ce, “Ranka ya daɗe, ko ɗaya ba ta mutu ba.” Bai yi ƙarya ba, mutum ne mai tsoron Allah. Malam ma bai tambayi ɓari ba, don ba shi da gurbi a takardar, ga ƙauye shida suna jiransa, ga hanya duk caɓi. Wani zubin har cinyar tunkiya ake ɗaure masa a bayan babur.

Nama ya wadata a unguwa, maƙwabta suna ta sa albarka. Matar gidan ce ke kwashe ɓarin da hannunta ta kai juji, ita ce kuma ke wanke kayan ciki. Ranar da zazzaɓi ya kayar da ita aka kai ta asibitin sha-ka-tafi. Ma'aikacin ya rubuta maleriya, kamar yadda ya rubuta wa mutum talatin kafin ita, don da damina ba kasafai yake kuskure ba. Littafinsa shi ma ba shi da gurbin tumaki. Ofishinsa da na malamin dabbobi bango ɗaya ya raba su, kuma kullum da safe sai sun gaisa, har su tambayi iyali. Zazzaɓi ya sauka, aka yi hamdala. Bayan sati biyu ta ce in ta dubi mijinta tana ganin hularsa da gemunsa, amma tsakanin nan duhu ne. Kasuwa dai ba a rufe ba, raguna sun sayu, duka goma sha biyun, da daraja. Mai tumaki ya ɗauki matarsa zuwa babban asibiti a birni. Likita ya haska idon ya daɗe yana dubawa, sannan ya juyo ya ce, “Malam, dabbobinku suna ɓari?” Shi ne mutum na farko da ya yi tambayar. Mai tumaki ya faɗi gaskiya, kamar yadda ya saba. Likita ya rubuta, ya ce su koma gida, abin da ya tafi ba zai dawo ba. A ƙarshen shekara aka yaba wa yankin, domin babu inda ya kai shi lafiyar dabbobi. Ita kuwa har yau da lalube take gane bakin rijiya.

Hausawa suka ce, garin neman gira aka rasa ido.